Allon da ke juya kansa a akwatin gem: wane moto zan saka?

Abba_Gem:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa akwatin gem irin na tsaye, mai sanda da maɓallai, da MAME a ciki, wato manhajar da ke kunna tsofaffin wasannin gidan gem a kwamfuta. Allon da nake da shi LCD ne mai inci 20, tsohon yayi, 4:3. Wasannin da nake so sun rabu gida biyu. Street Fighter II da Metal Slug a kwance suke, su kuwa Pac-Man da Galaga da 1942 a tsaye aka yi su. In na buɗe na tsaye a kan allo kwance sai hoton ya tsuke a tsakiya, dama da hagu baƙi ƙirin. So nake allon ya riƙa juyawa da kansa digiri 90 da zarar na zaɓi wasa. Faɗin cikin akwatin santimita 60 ne, allon da murfinsa 45 da 37. Wane moto ya kamata in nema?

Ɗan Adawa:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga moto, me ya kai ka wannan wahalar? Nemi allo mai inci 32 irin na yanzu, ka kafa shi a tsaye ka manta da shi. Faɗinsa zai zama kusan santimita 40, tsawonsa kusan 71. Wasan kwance zai fito 40 da 30, daidai da abin da naka mai inci 20 ke ba ka yanzu. Wasan tsaye kuwa zai fito 40 da 53, ya ma fi abin da za ka samu bayan ka gama juye-juyenka. Ba moto, ba boris, ba abin da zai lalace.

Abba_Gem:
Yaya, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma akwatin an riga an yanka katakonsa, allo mai tsawon 71 ba zai shiga ba. Kuma baƙin LCD ba baƙi ba ne na gaske, in ɗaki ya yi duhu za ka ga sauran allon yana haske sama da ƙasa. Ban da haka ma, ni dai ina son in ga yana juyawa.

Ɗan Adawa:
Yauwa, yanzu ka faɗi gaskiya. Wannan na ƙarshen shi ne dalili, sauran duk ado ne.

Zee_Arduino:
Ba ado ba ne duka, Yaya. Wasan tsaye a kan allon 4:3 da ke kwance yana cin kashi 9 cikin 16 ne kawai na fuskar allon, wato kusan kashi 56 cikin ɗari. Mai inci 20 ya koma mai inci 15 ke nan. Asara ce ta gaske ga mai son wasannin harbi na tsaye.

Kafinta Mai Gemu:
Abba, ajiye zancen moto tukuna, ɗauko tef ɗinka. Ka ce 45 da 37. Daga kusurwa zuwa kusurwa ya zama 58 da ɗoriya, to a ido kamar zai juya a cikin 60. Amma ba a tsakiyar murfin za ka kafa sandar juyawa ba, a tsakiyar hoton za ka kafa ta. In ba haka ba, idan ya kwanta hoton yana tsakiya, idan ya miƙe sai ya karkata gefe guda. Yawancin allunan nan bakinsu na ƙasa ya fi na sama kauri saboda maɓallai. Auna mini: tsakiyar hoton ta haura tsakiyar murfin da nawa?

Abba_Gem:
Na auna, Baba. Santimita ɗaya da rabi.

Kafinta Mai Gemu:
To ka gani. Daga sandar zuwa gefe 22.5, daga sandar zuwa ƙasa 20. Kusurwar ƙasa ta yi nisan 30.1 ke nan, da'irar da za ta zana kuma 60.2. Akwatinka 60. Zai goga, ko ma ya cije. Ko dai ka cire murfin robar ka bar ƙarfen allon tsirara, ko ka rarake bangon akwatin kaɗan ta ciki a inda kusurwar za ta wuce. Ni cire murfin zan yi, don nauyi ma zai ragu. Maɓallan allon a kan wani siririn faranti suke, sai ka manna shi a baya inda hannu zai kai.

Kafin ka yanka komai kuma, yanke kwali daidai girman allon, ka soka kusa a inda tsakiyar hoton take, ka juya shi a cikin akwatin da hannu. Kwali ba ya ƙarya.

Makanike_77:
Maganar Baba kafinta ita ce tushe. Bari in ɗora a kai. Allon nan tsakiya uku gare shi, kuma da wuya su haɗu a wuri ɗaya. Akwai tsakiyar hoto, akwai tsakiyar ramukan notin nan huɗu na baya, na VESA, masu tazarar milimita 100, sannan akwai tsakiyar nauyi. Ta farko ce za ta hau sanda. Ta biyu sai ka huda farantinka yadda zai dace da ita. Ta uku ce ke kashe moto.

A ce allon kilo 6 ne, tsakiyar nauyinsa ta kauce wa sanda da santimita 3. Shida sau uku, kilo-santimita 18 ke nan moton zai riƙa kokawa da shi, a rabin tafiya yana ɗaga kaya, a ɗaya rabin kayan na fizgarsa. Amma in ka ɗaura ɗan guntun ƙarfe a ɗaya ɓangaren har ya zama duk inda ka saki allon nan yake tsayawa, to da ɗan yatsa ɗaya za ka juya shi. Sai a lokacin tambayar moto take da ma'ana. Mutane da yawa suna sayen babban moto ne don su rufe rashin daidaita nauyi.

Abba_Gem:
Na fahimta, Oga. Boris fa? Na ga wasu suna amfani da faifan nan mai ƙwallaye da ake sawa a ƙarƙashin tebur mai juyawa.

Makanike_77:
Kada ka kuskura. An yi shi ne don ya kwanta, nauyi ya danne shi daga sama. Da ka tsayar da shi, nauyin ya koma yana jan faifan biyu suna son rabuwa, sai ya saki ta sama, ƙwallayen su riƙa cijewa, ga ƙara kamar ana niƙa. In allonka zai kwanta sosai yana kallon sama, zai iya yi. A tsaye ko da ɗan jingina, a'a.

Hanya biyu na yarda da su. Ko dai sandar ƙarfe mai rami a ciki, a kan boris biyu masu gida, da tazara tsakaninsu don kada kan ya sunkuya. Ko kuma ka yanka faifan katako zagayayye, allon a jikinsa, faifan ya zauna a kan ƙananan tayoyi biyu a ƙasa, wasu kuma su tare shi ta baya da ta sama. Boris lamba 608 ya isa wannan, raminsa milimita 8 ne, noti M8 yana shiga cif.

Kafinta Mai Gemu:
Ta biyun sai faifan ya zama zagayayye na gaske. Da zarto na hannu ba za ka samu ba. A kafa kusa a tsakiya, a ɗaura injin yanka a jikin sanda, a zagaya da shi. In faifan ya yi ƙwai ko da milimita biyu ne, za ka ga hoton yana hawa yana sauka.

Baban Rediyo:
Salamu alaikum yara. Ina ta karantawa ina murmushi. Ku gode wa Allah da LCD kuke magana. Da a ce mai kwalba ne, wato CRT, da labarin ya sha bamban. Kwalba mai inci 25 kaɗai ta haura kilo 20 nesa ba kusa ba, ga wuta a jikinta da ta kai volt 25,000. Sannan in ka juya ta tana kunne, launi zai ɓaci, ka ga kore da shunayya a kusurwoyi, domin maganaɗisun duniya ya canza mata fuska. Wayar da ke wanke wannan tabon sai lokacin kunnawa take aiki, kuma sai na'urar ta huce na wasu mintuna kafin ta sake yi. Kamfanin Taito ya yi akwati mai suna Egret II a 1996 da allo mai inci 29 wanda ake juyawa, amma da hannu ake yi, ba moto. Su da suka san nauyin abin ba su sa masa moto ba.

Abin da ya shafe ka kai, Abba: duba irin gilashin allonka. Akwai nau'in LCD da ake kira TN, akwai kuma IPS. In TN ne, ka san in ka kalle shi daga ƙasa yana yin duhu. To da ka tsayar da shi, wannan duhun ya koma gefe, idonka na dama da na hagu su riƙa ganin haske daban-daban. Kai zai yi ciwo. Juya shi da hannu yau ɗin nan ka zauna gabansa ka gani. In IPS ne ba ka da damuwa. In TN ne, gwada juyawa ta dama da ta hagu, ɗaya ta fi ɗaya dama-dama.

Abba_Gem:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na gwada, launin bai canza ba ta kowane gefe.

Zee_Arduino:
Madalla. To a dawo kan moto. Ni NEMA 17 nake ba da shawara, moto mai taku. Taku 200 yake yi a zagaye ɗaya, kowane digiri 1.8. Da direba TMC2209, wato ɗan farantin da ke sarrafa wutar moton, da kyar za ka ji ƙararsa. Ƙarfinsa wajen kilo-santimita 4 ne, amma in ka sa bel GT2, ƙaramin fuli mai haƙora 20 a moto, babba mai 200 a sanda, ƙarfin ya ninka goma. Za ka iya sa shi ya tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sauka a hankali. Kyan abin ke nan a ido.

Makanike_77:
Malama Zee, ban raina iliminki ba, amma moton waifar mota ya fi dacewa da aikin nan. Volt 12 ne, ƙarfi kamar me, kuma giyar cikinsa irin mai murɗaɗɗen zare ce: moto yana iya juya kaya, kaya ba ya iya juya moto cikin sauƙi. In an ɗauke wuta allon yana nan inda yake. Naki kuwa da wuta ta yanke ya saki.

Zee_Arduino:
In an daidaita nauyin kamar yadda kai da kanka ka ce, ya saki ɗin ma ina allon zai je? Kuma waifa tana yin wajen zagaye 45 a minti. Rubu'in zagaye cikin kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa ke nan. Allon zai daki katako ya farfashe.

Makanike_77:
Wa ya ce a haɗa kai tsaye? Taya ta roba mai faɗin santimita 6 a bakin moton, ta riƙa goga gefen faifan katako mai faɗin 54. Tara bisa ɗaya. Zagaye 45 ya koma 5 a minti, rubu'in zagaye daƙiƙa 3. Sifirin ya riƙa danna moton a jikin faifan. Ga kuma abin da bel ɗinki ba zai yi ba: in wani abu ya tare allon, waya ce ko hannun yaro, tayar zamewa za ta yi kawai.

Zee_Arduino:
Moto mai taku ma tsallake taku yake yi in an tare shi, ba ya murƙushe komai.

Makanike_77:
Sai kuma ya manta inda yake. Yana zaton ya kai 90 alhali yana 70.

Zee_Arduino:
Shi ya sa ake sa makunnin iyaka, wanda allon zai danna in ya kai ƙarshe. Kai ma dole ka sa.

Ɗan Adawa:
Allo mai inci 32 ba ya manta inda yake. Na faɗa ne kawai.

Shugaban Zaure:
Ɗan Adawa, mun ji. A bar masu aiki su yi aiki.

Baban Rediyo:
Duk biyun za su yi. Amma tunda kun zo kan makunnin iyaka, a nan ne nake da magana. Zee 'yata, na san ke a cikin Arduino, ɗan farantin kwamfutar nan da zai sarrafa moton, za ki sa shi ya karanta makunnin ya tsayar da moto. Yana aiki, har ranar da Arduino ya daskare moto na tafiya. Ga mai amfani da waifa, ni a kan wayar moton kanta nake son makunnan su zauna. Guda biyu, a jere da moton, a haɗa su ta ƙafar da take rufe in ba a danna ba. A gicciye dayod a kan kowanne, suna kallon juna baya da baya. Idan allon ya isa ƙarshe ya danna makunni, wuta ta yanke ta wannan fuskar, ko kwamfuta ta so ko ta ƙi. Idan aka juya wutar, dayod ɗin ya ba ta hanya, moto ya koma baya har makunnin ya saki. Dayod ya zama mai ɗaukar amfiya 6 ko fiye, ba 1N4007 ba, wannan amfiya ɗaya ce iyakarsa.

Abu na biyu: yawancin motocin waifa, ɗaya daga cikin wayoyinsu a jikin ƙarfen moton take. A mota ba damuwa, tunda fuska ɗaya yake juyawa. Kai da za ka riƙa juya wuta, wani lokaci jikin moton zai ɗauki volt 12. Auna da mita. In haka ne, ko ka raba wayar da jikin, ko ka ɗaure moton a kan katako kada ya taɓa wani ƙarfe. Fiyus kuma dole, domin in waifa ta cije tana iya jan amfiya sama da 10.

Zee_Arduino:
Na sallama wannan, Baba. Zan ƙara da cewa kada ya ɗauki direba L298N don waifa, amfiya 2 ce iyakarsa a kowane layi, zafi zai yi ya mutu. BTS7960 ya fi, kuma yana karɓar PWM, wato hanyar rage ko ƙara gudun moto, don haka tashi a hankalin da nake so yana nan. A cikin lambar shirin kuma a sa agogo: in daƙiƙa 6 ta wuce, a kashe moto ko me ake ciki. In ba haka ba, ranar da tayar ta zame za ta yi ta goga katako har robar ta cinye.

Kafinta Mai Gemu:
Kada kuma ku bar wa makunni aikin daidaita allo. Moto ba ya tsayawa cak, yana ɗan zarcewa. A kafa tubali biyu na katako da noti mai roba a kai, wanda za a iya murɗawa ciki ko waje. Faifan ya zo ya jingina da shi. Da wannan notin za ka saita har allon ya miƙe sak. Digiri ɗaya in ya karkata, ido zai gani, tunda gefen akwatin yana kusa.

Abba_Gem:
To na tsaya a kan waifa da tayar roba. Anti Zee, ta yaya kwamfutar za ta san wasan tsaye ne ko kwance?

Zee_Arduino:
MAME ya riga ya sani. In ka ba shi umarnin -listxml tare da sunan wasan, a layin display za ka ga rotate. In 0 ne ko 180, kwance. In 90 ne ko 270, tsaye. Pac-Man 90 ne, 1942 kuwa 270, amma kada wannan ya ruɗe ka har ka ce allon sai ya juya ta fuska biyu. Kunna autoror ko autorol a cikin mame.ini, gwargwadon inda allonka ke juyawa, shi zai miƙar da hoton kowane wasan tsaye ya dace. In hoto ya fito kai a ƙasa, ka zaɓi ɗayan.

Saura abin da zai aika saƙo. Ya danganta da manhajar da kake zaɓen wasa da ita. In RetroPie kake, akwai fayil runcommand-onstart.sh da ke tashi kafin kowane wasa, kuma ana miƙa masa sunan wasan. In Attract-Mode ne, jerin wasanninsa yana da gurbin Rotation. Harafi ɗaya ya isa a aika wa Arduino ta USB: T don tsaye, K don kwance.

Ga tarkon da ke kama kusan kowa. Arduino Uno da Nano suna sake tashi daga farko duk lokacin da aka buɗe tashar sadarwarsu, kuma sai sun ɗauki kusan daƙiƙa biyu kafin su saurara. In ka aika harafin nan take, ya ɓace. Ko ka jira daƙiƙa biyu, ko ka sa kafasita mai 10µF tsakanin RESET da GND. Ka tuna ka cire ta duk lokacin da za ka loda sabon shiri.

Abba_Gem:
In na fita daga wasa ya koma kwance ke nan?

Zee_Arduino:
Ni ba zan yi haka ba. Ka fita daga Galaga, ya kwanta, ka zaɓi 1942, ya sake miƙewa. Juyi biyu a banza. Bar shi inda yake, jerin wasannin ya bi fuskar allon, sai wasa na gaba ya buƙaci canji sannan ya motsa.

Ɗan Adawa:
A nan kam na goyi bayanta. Makon farko za ka yi ta kiran mutane su zo su ga yana juyawa. Bayan wata guda daƙiƙa ukun nan za su fara ba ka haushi.

Abba_Gem:
'Yan zaure, ga inda aka kwana. Na cire murfin, na daidaita nauyin da guntun ƙarfe, yanzu duk inda na saki faifan yana tsayawa. Yana juyawa lafiya lau, ba gogayya. Saura abu ɗaya: da moton ya tashi, sai sandar wasan ta ɓace daga kwamfuta, sai na zare USB na mayar. Wani lokaci allon ma yana ƙiftawa.

Baban Rediyo:
Daga ina moton yake shan wuta?

Abba_Gem:
Daga volt 12 na akwatin wutar kwamfutar, Baba.

Baban Rediyo:
Shi ke nan. Lokacin tashi moton yana fizgar wuta da yawa, sauran kayan su ji a jikinsu. Ba shi nasa akwatin wutar daban, volt 12, amfiya 5 ko sama. Amma wayar GND, wato negatif, sai ka haɗa ta tsakanin Arduino da BTS7960. Sannan gawayin cikin moton yana tartsatsi, wannan tartsatsin yana bin waya. Sa ƙaramar kafasita mai 0.1µF, mai lamba 104 a jiki, a kan ƙafafun moton biyu, kusa da shi sosai. Murɗa wayoyin moton biyu su nannaɗe juna, kuma ka raba hanyarsu da ta USB, kada ka ɗaure su a dami ɗaya.

Makanike_77:
Ƙiftawar allon kuma ka duba, mai yiwuwa ba wuta ba ce, wayar hoton ce ke motsi a bakinta. Kada filogin ya ɗauki ja ko kaɗan. Ɗaure wayar a jikin faifan kusa da filogi, ka kawo ta tsakiya, ka bar mata lanƙwasa mai yalwa, sannan ka sake ɗaure ta a jikin akwatin. Lanƙwasar ce za ta riƙa motsi. Saita ta yadda in allon yana digiri 45 wayar ba ta murɗe ba, don kowane ɓangare ya ɗauki rabin murɗawar.

Abba_Gem:
Na raba wutar, na sa 104, sandar ba ta ƙara ɓacewa ba. Ƙiftawar kuma wayar ce, kamar yadda Oga ya ce. Baba kafinta, gaban fa? Yanzu ana hango faifan da wayoyi ta gefen allon.

Kafinta Mai Gemu:
Yanka baƙin kwali mai kauri ko siririn katako, zagayayye, ka huda masa taga daidai girman hoton, ka manna shi a fuskar allon su riƙa juyawa tare. A gabansa kuma wani wanda ba ya motsi, mai zagayayyen rami da ya ɗan fi kusurwar hoton faɗi amma bai kai na bayan ba, don ya rufe bakinsa. Hotonka inci 20 ne, wato santimita 51 kusurwa zuwa kusurwa, to ramin ya zama 52 ko 53, na bayan kuma 56. Bar tazarar milimita 5 tsakaninsu. Fenti baƙi marar ƙyalli, sai gilashi mai ɗan duhu a gaba. Gilashin kuma ka ɗaure shi da noti, kada ka bar shi yadda yaro zai iya ɗagawa ya zura hannu.